Yadda zaki gane ko katun ya dace da ƙananan yaranki kafin ki kunna musu

Abu na farko da ya kamata mu iyaye mu cire a ranmu shi ne wai duk abinda aka zana na yara ne. Wallahi ba haka bane. Katun hanya ce kawai ta yin fim, wani ya ɗauki mutane da kyamara wani ya zana su da hannu ko a kwamfuta, kuma a cikinsa akwai na 'yan yaye akwai na 'yan firamare akwai wanda ke babba ma sai kin kau da kai. A 2016 an yi wani a Amurka mai suna Sausage Party, in kika ga hoton bangonsa kayan abinci ne a kanti masu ido da baki suna ta murmushi, amma daga farko har ƙarshe batsa ce da ashar, a can ƙasar ma ɗan ƙasa da shekara 17 baya shiga sinima ya kalle shi sai da babba. Toh irin wannan in ya faɗo cikin memorin da aka ciko miki a shagon turi, a folda ɗaya da na kyanwa da ɓera, wa zai gaya miki? Mai turin nan ba kallo yayi ba, zane ya gani ya jefa shi layin na yara, kuma ba da mugunta yayi ba.

Da ke uwa nake magana tunda yawanci wayarki ce a hannunsu, amma Baban yara kai ma ka matso kusa, kai kake siyo dish ɗin kai kake biyan kuɗin wata. In nace ƙananan yara ina nufin daga shekara 2 zuwa kamar 7, waɗanda suka haura nan lissafinsu daban ne.

Ki fara da sanin ainihin sunan fim ɗin da shekarar da ya fito. Abin kamar wasa amma nan ake fara tuntuɓe, domin abinda ake turawa ta Xender ko WhatsApp sau da yawa an canja masa suna, sai kiga an rubuta "sabon katun 5" ko "na zaki". Ki buɗe ki ɗan tura shi gaba har inda sunan ke fitowa, in babu a farko ki leƙa can ƙarshe inda ake jero sunayen ma'aikata. Shekarar ma tana da amfani saboda suna ɗaya kan zama fim biyu ko uku, na da da wanda aka sake yi, kuma kashi na biyu ba dole yazo da laushin na farko ba. In kin duba ko'ina babu suna babu kamfanin da yayi shi, kawai wasu sanannun 'yan katun ne aka cakuɗa suna abubuwa marasa kan gado, goge shi kawai kar ki ɓata lokacinki. A 2017 anyi babbar hayaniya kan irin waɗannan bidiyoyin a YouTube, mutane suna ɗaukar fuskokin da yara suka sani su haɗa su ana tsira musu allura ana dukansu ana abubuwan da basu dace ba, har wasu suka tsallake suka shiga YouTube Kids ɗin da aka buɗe a 2015 musamman domin yara, sai da kamfanin ya bi ya goge da yawa ya rufe tashoshi, kuma har yau irinsu basu ƙare ba.

Na biyu sai alamar shekaru. Kusan duk fim ɗin da ya shiga sinima akwai hukumar da ta duba shi ta liƙa masa harafi, zaki ganshi a bangon faifai ko a farkon fim ko a gefen sunansa in a Netflix ne ko kan dikoda. Na Amurka da aka fara a 1968 shi muka fi cin karo dashi. G na kowa da kowa ne, PG yana nufin iyaye su duba tukun akwai abinda watakila bai dace da ƙanana ba, PG-13 da aka ƙaro a 1984 jan kunne ne mai ƙarfi kan 'yan ƙasa da 13, R kuma na manya ne. A Ingila hukumarsu BBFC tana sa U, tace ya dace da ɗan shekara 4 zuwa sama, sai PG wanda da ɗan shekara kamar 8 suke auna shi, kinga kenan basu yi miki alkawarin komai kan ɗanki mai shekara 3 ba. Daga nan sai 12 da 15 da 18. Mu a Najeriya hukumar tace fina-finai ta ƙasa NFVCB da aka kafa a 1993 tana sa G da PG da 12 da 12A da 15 da 18. In shirin talabijin ne na Amurka zakiga TV-Y na 'yan ƙanana, TV-Y7 daga shekara 7, in kuwa kika ga TV-14 ko TV-MA a jikin katun toh ki ɗauke yaranki daga wajen, da yawa daga katun ɗin Japan da ake cewa anime a nan suke faɗawa.

Yadda zaki yi amfani da ita mai sauƙi ne. In kinga 12 ko sama da haka magana ta ƙare, ba na ƙanana bane. In PG ne ki ci gaba da bincike da ido biyu. In G ne ko U ki ci gaba da bincike duk da haka. Alamar nan tana isa ta sa ki ƙi fim amma bata isa ta sa ki yarda dashi ba, kuma wannan ita ce maganar da nafi so ki riƙe a duk rubutun nan.

Ga dalili. Akwai katun ɗin zomaye na Ingila mai suna Watership Down da ya fito a 1978, aka bashi U, alhali a ciki zomaye suna yagar juna jini na zuba, wani tarko ya shaƙe shi yana kumfar jini, yara da yawa a can sun tashi da tsoronsa, sai bayan sama da shekara 40 hukumar ta ɗaga shi zuwa PG. The Lion King na 1994 da kowa ya sani G ne a Amurka, amma a gaban idon ɗan zakin ubansa ya faɗo ya mutu yazo yana taɓa gawar yana cewa ya tashi. Finding Nemo na 2003 shi ma G ne, kuma ba a yi minti biyar da farawa ba wani babban kifi ya hallaka uwar da ƙwayayenta saura ɗaya. A 2014 mujallar likitoci ta BMJ ta buga wani bincike da aka gwada katun na yara guda 45 da suka fi kasuwa da fina-finan manya na shekarunsu, aka samu manyan 'yan wasan cikin katun sun fi na fim ɗin manya mutuwa da kusan ninki biyu da rabi, kuma sau da yawa uwa ce ko uban jarumin. Bayan wannan kuma masu sa alamar da ma'aunin al'ummarsu suke awo, ashar suke ƙirgawa da jini da tsiraici da ƙwaya, ba ruwansu da yadda yaro ke ɗaga wa uwarsa murya ko abinda ya shafi aƙida. Lightyear na 2022 PG aka bashi a Amurka, amma Saudiyya da Daular Larabawa da wasu ƙasashe sun hana nuna shi a sinima saboda wani waje da mata biyu suka sumbaci juna. Harafin PG shi kaɗai bazai gaya miki wannan ba.

Na uku ki karanta abinda waɗanda suka riga ki kallo suka rubuta, baya cin data sosai. Ki shiga Google ki sa sunan fim ɗin da shekararsa ki ƙara da parents guide, zai kawo miki shafin IMDb inda aka kasa abin kashi-kashi, tsiraici daban, faɗa da jini daban, baƙar magana, giya da taba, sai wuraren ban tsoro. Akwai kuma Common Sense Media, su har shekarar da suke ganin ta dace suke sawa kuma iyaye suna faɗin yadda yaransu suka yi da suka kalla. Kar ki tsaya a lambar da suka rubuta, ki gangara ki karanta bayanin wuraren ɗaya bayan ɗaya ki riƙe su a kai domin su zaki je nema. In Turancin yana miki nauyi ki ba ƙanwarki ta karanto miki ko ki sa wayar ta fassara, ko fassarar ta fito a karkace zaki gane inda aka dosa. Tirela kuwa talla ce, wuraren dariya da waƙa ake tsintowa a haɗa domin a siya, kar ki yanke hukunci da ita.

Na huɗu shi ne ginshiƙin aikin, ki kalla da idonki. Yadda ba kya ɗura wa yaro kunu sai kin kai bakinki kin ji zafinsa haka wannan ma. Na san aiki ya miki yawa, ga girki ga wanki wata ma ga fita aiki, kuma yawancin fina-finan nan minti 80 ne zuwa 100. In zaki iya kallonsa duka bayan sun yi barci shi yafi. In bazai yiwu ba toh akwai wurare huɗu da bai kamata ki tsallake ba, minti goman farko domin nan ake yawan kashe uwa ko a raba yaro da gida, sai inda mugun fim ɗin ya fara bayyana, sai waƙoƙin, sai minti 20 zuwa 25 na ƙarshe inda ake babban faɗa, nan duhu da ƙara da tashin hankali suke taruwa. Sauran ki riƙa turawa gaba kaɗan-kaɗan kina leƙawa. Kuma ki sa iyafis ki ji sautin, kar ki kalla shiru, rabin tsoron fim a kiɗansa yake da gurnani da ihu.

Toh me zaki nema? Fara da tsoro, kuma a nan sai kin ajiye idonki na babba. Wata malama a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, Joanne Cantor, ta shafe shekaru tana nazarin abinda ke firgita yara a talabijin, abinda ta gano shi ne ƙanana da kamanni suke tsorata, manyan haƙora, jajayen idanu, fuska a murɗe, ko da kuwa abin mai kirki ne a labarin. Dodo mai taimako duk dodo ne a wajen ɗan shekara 4, shi kuwa mugu mai kyakkyawar fuska da taushin murya ko a jikinsa. Sai rikiɗa, mutum yana tsaye ya fara kumbura ya zama wata halitta, wannan yana gigita su sosai, balle ace uwa ce ko uba ya rikiɗe. Sai sun kai kamar shekara 8 ne tsoron yake komawa kan abinda zai iya faruwa da gaske irin gobara da ɓarayi da sace yara. Sannan ga wani abu da ya shafe mu mu kaɗai da masu sa alamar basu lissafa dashi ba, yawancin yaranmu ƙanana basa jin Turancin da ake yi a ciki. Wajen da yaron can yaji dodon ya saki barkwanci ya gane ashe wasa ne yayi dariya, naki hoto kawai yake gani da ƙara, babu abinda ya sassauta masa. Shi yasa ko da kin karanta ance wajen ba wani abin tsoro bane ki tambayi kanki, in na toshe ma'anar maganar na bar hoton da sautin kaɗai yaya abin yake.

Sai rabuwa da iyaye. Ban ce duk fim ɗin da aka mutu a ciki a jefar ba, mutuwa gaskiya ce kuma yaranmu suna ganin ana zaman makoki. Amma ki duba yadda aka nuna ta, an nuna gawar ko labari aka bayar, an daɗe a wajen ko an wuce da sauri, yaron ya samu wanda ya rungume shi ko an barshi shi kaɗai a daji. A na zakin nan misali wanda ya kashe uban ɗan uwansa ne, wato baffan yaron, kuma ya juyo yace wa yaron laifinka ne. Yaron da ya tashi a gidan gandu yana wuni a ɗakin baffanninsa wannan ba ƙaramin abu bane a kansa, ki shirya amsar tambayarsa tun kafin yayi ta.

Abin kwaikwayo kuma shi yafi bani tsoro fiye da dodanni. Yaro bazai iya hura wuta ta baki ba, amma zai iya ɗaukar kasko ya kwaɗa wa ƙaninsa a ka don yaga anyi an tashi ana dariya. Ki riƙa kallo kina tuna abinda ke cikin gidanki, wuƙa, ashana, soket, dutsen guga, tukunyar gas, rijiya, katanga, leda a kai, ɓuya a cikin firij. Duk wajen da aka yi wasa da irin waɗannan kuma babu wanda yaji ciwo, ko aka faɗo daga sama aka baje aka sake miƙewa garau, in yaronki mai ƙiriniya ne mai gwada duk abinda ya gani ki ajiye fim ɗin sai ya ƙara hankali.

Ki saurari yadda yaran cikin fim suke magana da manya. Labari da yawa a kan ginshiƙi ɗaya aka gina su, uba ya hana, yaro ya ƙi ji ya gudu, a ƙarshe ya zamana yaron ne mai gaskiya ko kuma a shirya a yafi juna. Ɗan shekara 10 zai iya haɗa farko da ƙarshe ya ɗauki darasin. Ɗan shekara 4 bazai haɗa ba, awa guda na murguɗa baki da buga ƙofa ya gani, nadamar minti biyar ta ƙarshe ta same shi yana gyangyaɗi. Haka soyayya da sumba da irin suturar da rawar, wannan kowace uwa ta san iyakar gidanta ba sai na faɗa miki ba. Akwai kuma barkwancin manya da ake cusawa domin iyayen da suka rako yara sinima kar su gaji, ana cewa wai yara basa ganewa, eh basa ganewa amma suna haddacewa su maimaita a gaban baƙi.

Maganar aƙida ma ki duba ta da natsuwa, Musulma ce ke ko Kirista. Dabba tayi magana ko kafet ya tashi sama wannan tatsuniya ce, mu ma mun tashi da Gizo da Ƙoƙi. Inda ake buƙatar lura shi ne inda fim ya zo da bayani kan alloli ko abinda ke faruwa bayan mutuwa. Coco na 2017 misali an gina shi kan bikin tunawa da matattu na ƙasar Meziko, inda mamata ke dawowa ziyara in an ajiye hotonsu, fim ne mai taɓa zuciya kan son dangi, amma yaron da bai gama sanin nasa ba zai iya tambayarki ko Kaka ma zata dawo in an kafa hotonta. Babba zaki zauna ki bambance masa al'adarsu da imaninku, ƙarami gara a jira. Kuma kar sunan addini ya sa ki saki jiki ta ɗaya ɓangaren. Fim ɗin Bilal da aka yi a Dubai ya fito a 2015 iyaye da yawa suna kunna wa 'yan ƙanana don sunji tarihin sahabi ne, alhali PG-13 aka bashi a Amurka, akwai azabtarwa da ɗora dutse a ƙirji da yaƙi da takubba. Labari mai daraja ne amma ba na ɗan shekara 5 bane.

Sai haske da sauri. A watan Disamba na 1997 a Japan an nuna wani kashi na Pokémon mai walƙiyar ja da shuɗi da sauri-sauri, sama da yara 600 aka kwasa zuwa asibiti wasu da jijjiga. A 2018 ma gidajen sinima sun liƙa gargaɗi kan walƙiyar da ke cikin Incredibles 2. In ɗanki yana da farfaɗiya ko ya taɓa jijjiga wannan ba abin wasa bane, ki nemi bayanin walƙiya kafin komai kuma ki tambayi likitansa. Ko lafiyarsa ƙalau, katun ɗin da hoto ke canjawa duk bayan daƙiƙa biyu ana ihu babu numfashi yana barin yaro a birkice. A 2011 a Jami'ar Virginia an gwada yara 'yan shekara 4, waɗanda suka kalli katun mai sauri na minti 9 kacal sun fi sauran kasa natsuwa a gwajin da aka musu nan take. Ƙaramin bincike ne amma duk uwar da ta taɓa kashe tibi taga yadda yaro ke tsalle-tsalle ya kasa zama ta san akwai ƙamshin gaskiya. Ga 'yan 2 zuwa 4 ki fi son mai tafiya a hankali, mai magana ɗaya bayan ɗaya, mai labarin da bai wuce gida da makaranta da wasa ba.

In fassarar Hausa ce a hannunki toh ita zaki kalla ba ta Turancin ba. Alamar shekarun da bayanin intanet duk a kan na asali aka yi su, mai fassara kuwa wani lokacin yana ƙara nasa gishirin, habaici da zagin wasa da zancen samari da 'yan mata don manya suyi dariya, kuma wannan karon yaron yana jin kowace kalma.

Na biyar ki ajiye fim ɗin ki dubi yaron. 'Ya'yan ciki ɗaya ma ba ɗaya bane, wani ana gurnani yana dariya wani ƙarar blenda ma tana sa shi kuka. Ki tuna abinda ya same shi kwanan nan. Yaron da ya rasa uwa ko uba, ko iyayensa suka rabu, ko aka kwantar dashi a asibiti, ko waɗanda suka taso daga garinsu saboda 'yan bindiga suka taɓa jin harbi da kunnensu, waɗannan fim ɗin da ake bin yaro a guje cikin dare ko ake ƙona gari zai iya tayar musu da abinda ke kwance, dan Allah a tausaya musu ko da kowa yace fim ɗin ba komai. Sannan a falonmu ba a kallo ɗai-ɗai, ɗan 11 da 'yar 7 da mai 3 da yaran maƙota duk tabarma ɗaya. Da mafi ƙanƙanta ake awo. Manyan zasu yi ƙorafi, ki basu nasu lokacin in ƙaramin yayi barci.

In fim ya tsallake duk wannan, kallon farko ki zauna dasu, da rana ba dab da barci ba, fitila a kunne, sautin a sassauce, rimot a hannunki. Rabin hankalinki a tibi rabi a fuskarsu. Ba kowane yaro ke kuka ba, wani shiru zai yi ya ƙame, wani ya matso ya riƙe zaninki, wani ya sa yatsa a baki ko ya toshe kunne, wani ya fara jero tambaya ina mamansa ina mamansa, wani yace zai sha ruwa don kawai ya bar wajen. Kina ganin haka ki tsayar. Kar kice haba kai ba namiji bane, kuma kar ki bari yayyensa su masa dariya, in aka yi haka gobe zai ɓoye tsoron ne ya kwana dashi. Cewa ai ƙarya ne zane ne baya aiki sosai a kan ɗan shekara 3 ko 4, abinda ke aiki ki ɗauke shi ki rungume ki bashi wani abu ya riƙe ku canja zance. Mai shekara 6 ko 7 shi zaki iya yiwa bayani, har ki gaya masa tun kafin wajen yazo cewa yanzu kifin nan zai biyo su amma zasu tsira, sanin ƙarshen yana rage fargaba ƙwarai. Wajen da kika riga kika sani bai dace ba ki tura gaba abinki ba sai kin yi dogon bayani ba.

Tsawon ma abin dubawa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarar da ta fitar a 2019 tace ɗan ƙasa da shekara 2 gara kar a zaunar dashi gaban allon tibi ko waya sam, daga 2 zuwa 4 kuma kar ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ma yafi. Kinga fim ɗin minti 90 ya riga ya haura, sai ki raba shi biyu yau rabi gobe rabi, kuma ki yanke a wajen da hankali ke kwance ba a tsakiyar gudu ba.

Bayan an gama ki tambaye su wa yafi burge ku, wane waje ne baku so ba, ki bari su baki labarin da bakinsu, a nan zaki ji abinda suka ɗauka wanda sau da yawa ba shi kika zata ba. Sai ki sa ido kwana biyu uku. Firgita cikin barci, ƙin shiga banɗaki shi kaɗai, komawa fitsarin kwance bayan ya daina, sabon duka ko sabuwar kalma a bakinsa, in kinga ɗaya daga ciki ki ajiye fim ɗin zuwa baɗi ko ya roƙa, domin yara suna neman maimaita abinda ya tsorata su ma.

Fim ɗin da ya ci jarrabawa ki sauke shi ki ajiye a folda guda ko memori na musamman, in zaki basu wayar ki kashe data tukun. A YouTube ki kashe abin nan da ke kunna bidiyo na gaba da kansa, domin kin tantance na farko amma na biyu da na uku ba ke kika zaɓa ba. Netflix yana da ɓangaren yara da wajen sa iyakar shekaru, dikodar DStv da GOtv da StarTimes ma suna da wajen kulle tasha da lambar sirri, Baban yara wannan aikinka ne kuma ka canja lambar daga wadda tazo da ita don manyan yaran sun santa. In zaki aika shagon turi kar kice a ciko na yara, ki rubuta sunaye a takarda kice waɗannan kaɗai, in an kawo ki buɗe ki ƙirga. Ranar da zasu tafi hutu gidan Kaka ko gidan Gwaggo ki haɗa musu da memorin nasu a jaka, ki kira wanda zai riƙa kunna musu ki gaya masa da bakinki wanne ne ƙaramin baya iya kallo.